Kayan atisayen fistol: wanne za ka fara saya?

Wannan maganar ta wanda doka ta ba shi lasisin riƙe fistol ce, yana son ya iya kare kansa, kuma kuɗinsa ba za su isa ya sayi komai lokaci ɗaya ba.

Mafi araha dai harsashin roba ne, wanda ba ya tashi. Kana saka shi ka dinga jan kunama a ɗaki, kana kallon saiti ko ya motsa. In bindigarka mai cin ƙaramin harsashin nan na .22 ce to shi dole ne, don jan kunamarta ba komai a ciki yana iya lalata allurar da ke bugun harsashi. Sharaɗi ɗaya ne, harsashin gaske ya bar ɗakin gaba ɗaya kafin ka fara, ka duba bindigar sau biyu, kada ka ce ai na san babu.

Sai na leza. Akwai wanda ake cusawa cikin bindigar in ka ja kunama ya haska jan ɗigo a inda ka saita, amma a fistol irin su Glock duk jan kunama ɗaya sai ka sake ɗana ta da hannu, kuma wannan ɗabi'a ce da ba ka so hannunka ya saba da ita. Bindigar SIRT, wadda ta atisaye ce mai leza ba ta harbi ba, ta fi shi a nan tunda kunamarta tana komawa da kanta, sai dai tsada. MantisX kuma ana maƙala shi ne a jikin bindigar yana turo wa wayarka yadda hannunka ya karkata daidai lokacin jan kunama, yana da amfani sosai ga mai gyaran hannu. Duk su ukun in a ɗaki ne ba ƙara, ba girgizar da bindiga ke yi in ta tashi, shi ya sa mutum zai ga ya zama gwani a ɗaki ya je filin harbi harsashi na biyu ya tafi wani wajen.

Ni in kuɗin abu ɗaya gare ni, taima zan saya, wannan da ke yin ƙara ka fara sannan ta lissafa sakan na kowane harbi. Dalili kuwa, a 1983 wani ɗan sanda na Salt Lake City a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21 cikin kamar sakan ɗaya da rabi. To kai sakan nawa kake ɗauka ka ɗaga riga ka zaro bindiga daga kube? Ba taima, zato kawai kake. Da ita za ka gwada atisayen da ake kira Bill Drill, harsashi 6 daga yadi 7, ƙwararru na yi cikin sakan 2, kai kada ka damu da lokacin tukuna, ka fara tabbatar da duk shidan sun shiga tsakiya.

Abin da ba na'urar da za ta koya maka shi ne yaushe ba a harbi. Wannan sai wajen malami, musamman ajin da ake amfani da harsashin fenti irin Simunition, a saka maka abin kare fuska, wani ya taso maka yana ihu hannunsa a aljihu, kai kuma ka tantance waya ce zai fiddo ko makami. Fentin yana da zafi, yana barin shaida a fata. Ya fi duk sauran tsada, don haka ka tambayi malamin kafin ka biya ko yana koyar da dokar kare kai, da kuma ɗalibai nawa yake ɗauka a aji ɗaya.