Big Hero 6 ko Spider-Man na 2023: wanne ya dace da ɗan shekara 6?

Hajiya, kin tambayi wanne fim ya dace da ɗanki mai shekara 6: ki ɗaukar masa Big Hero 6. Shi kuwa Spider-Man: Across the Spider-Verse a bari sai ya ƙara wayo.

Dukansu biyun alamar PG aka ba su a Amurka, wato yaro ya kalla da babba a kusa, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Big Hero 6 na kamfanin Disney ne, ya fito a 2014, kuma muna da shi a gida. Autana ya kalla har ya haddace. Abin da ya tafi da shi Baymax ne, wani mutum-mutumi fari, tuɓul-tuɓul kamar balan-balan, wanda aikinsa jinya. Yanzu ko tuntuɓe wani ya yi a tsakar gida, sai ki ga yaron ya taho yana rangaji irin na Baymax, wai a nuna masa inda ke ciwo. Faɗan ciki babu jini.

Wuri ɗaya ne zan ce ki zauna kusa da shi. Tun farko-farko gobara ta ci Tadashi, wan Hiro jarumin fim ɗin, har an nuna makokinsa. Nawa sai da ya yi kuka, ya yi ta tambayar yaushe zai dawo. In an yi muku rashi kwanan nan, ki ɗan jinkirta. Mugun fim ɗin ma fuska a rufe yake, kada a kunna daf da barci.

Spider-Man ɗin, zanensa ya yi kyau, ban hana shi ba. Amma awa 2 da minti 20 ne, launuka na ta walƙiya ba ƙaƙƙautawa (mai farfaɗiya kam kada ya kusance shi), da mutuwa aka buɗe shi, sannan labarin ya yanke bai ƙare ba. Na saya, autan bai kai rabi ba ya tashi. Na 'yan shekara 10 zuwa sama ne.

Sai kuma 'yan downloading. Da kin ce katun, wasu duk abin da ke zane za su loda miki don memori ta cika a caje ki. A haka ake haɗawa da irin su Invincible da Batman: The Killing Joke, waɗanda na manya ne zalla, jini faca-faca. Ki faɗi sunan fim ɗin da bakinki, a buɗe shi a gabanki, ki goge duk abin da ba ki nema ba kafin wayar ta shiga hannun yaro.