Rigar Elizabeth: zanen 1833 ko na 1894, wanne ya fi kama da zamanin labarin?

'Yar uwa da kika tambaya me ya sa a wani zanen littafin Pride and Prejudice rigar Elizabeth, jarumar labarin, take da kumburarren hannu, a wani kuma an ɗaure ta can ƙasan ƙirji kamar ta mai juna biyu, to duka biyun na gaske ne, zamaninsu ne ba ɗaya ba.

Jane Austen ta fitar da littafin a 1813. Na farkon, mai kumburin hannu, daga bugun kamfanin Bentley ne na 1833, kuma Ferdinand Pickering da ya zana shi kawai sai ya saka mata kayan da matan Landan suke yayi a shekarunsa, hannu kamar an hura balan-balan, ƙugu a matse, siket ya baje. Kyau kam akwai, amma shekara 20 kenan bayan labarin.

Na biyun na Hugh Thomson ne, bugun 1894 mai ɗawisu a bango, shi ya koma baya ya ɗauko kayan lokacin Austen, doguwar riga mara nauyi ta farin yadi shara-shara da ake kawowa daga Indiya, maza kuma kwat mai jela da ƙyalle naɗe a wuya har haɓa.

Ni dai Thomson nake bi, saboda kayan suna tafiya da yadda ake neman aure a wurinsu. Saurayi ba ya zuwa zance shi kaɗai, a wajen rawa ake ganin juna gaban iyaye da 'yan sa ido, shi ya sa da Bingley, wani saurayi mai kuɗi a labarin, ya yi rawa da Jane, yayar Elizabeth, sau biyu a dare ɗaya uwarta ta fara lissafin biki. Ki duba zanen inda Darcy, abokin Bingley, yake cewa Elizabeth ba laifi amma kyanta bai kai ya ja shi ba, tana zaune babu abokin rawa tana jin sa, wallahi tsayuwarsa kaɗai ta isa ki gane girman kai. Sannan ranar da ta taka mil 3 a ƙafa zuwa Netherfield, gidan da Bingley yake zaune, duba yayarta, ta iso gefen kayanta duk taɓo 'yan uwan Bingley suna ta gulma, da wancan buhun siket na 1833 ina za ta iya tsallake shingen gonaki?