Gargaɗi ga masu zanen tatu kan dillalan allura da tawada na jabu

'Yan uwa masu sana'ar zanen tatu, don Allah ku buɗe ido. Wasu 'yan damfara sun cika Instagram da Facebook da tallan kayan sari: allurai, tawada, injin zane, duk ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su Cheyenne da Dynamic, amma a farashin da ko masana'anta ba za ta bayar ba. Za su matsa maka lamba wai kaya sun kusa ƙarewa, ka tura kuɗi maza. Wasu da kuɗin ya shiga sai su toshe ka.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai aiko kayan, domin a fatar mutum za su ƙare.

Ka juya fakitin allurar ka duba bayansa. Na gaskiya yana da lambar rukuni, ranar lalacewa, da alamar EO, wato iskar da aka kashe ƙwayoyin cuta da ita. A na jabu rubutun ya dusashe, takardar ta ɗaga daga gefe, wani lokaci lamba ɗaya ce a kan kwalaye masu girma daban-daban. Sa tsinin a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ka tarar ya lanƙwashe kamar ƙugiya, yaga fata zai yi. Wasu kuma babu 'yar robar nan ta ciki mai tare ruwa, sai jini da tawada su koma cikin injin, wanda za a yi wa zane na gaba ya kwashi ciwon hanta bai ji ba bai gani ba.

Tawada ta fi wuyar ganewa, tunda tsohuwar kwalba ake sake cikawa a liƙe. A ƙarshen 2011 a Rochester ta jihar New York, mutum 19 suka kamu da cutar fata daga tawada ruwan toka da aka sirka da ruwa tun kafin ta iso shago. Tarayyar Turai kuwa tun Janairun 2022 ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. Mai cika kwalba a ɓoye ina ruwansa da wannan doka?

Kafin ka biya ko sisi, nemi sunan dillalin a shafin kamfanin da yake iƙirarin wakilta, ka kuma buƙaci rasit mai lambar rukuni. In ya fara kame-kame, rabu da shi. In kuwa kayan sun riga sun shigo hannunka, kada su taɓa jikin kowa. Ɗauki hotonsu ka aika wa kamfanin, ka kai ƙarar shafin dillalin, sannan ka sanar da abokan sana'a.