Haibirid ko mai fetur zalla: wacce za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakanin motoci biyu na hannu, Corolla mai fetur zalla da Corolla haibirid, kuma an tsorata ka da maganar batir. Ga yadda nake ganin su idan aka jera su gefe da gefe.

Haibirid irin ta Corolla dai ba motar caji ba ce, don mutane da yawa nan suke rikicewa. Fetur za ka zuba mata kamar kowace mota. Abin da ta ƙara shi ne moto mai aiki da lantarki da wani babban batir wanda injin da birki suke yi wa caji. Ba kuma sabon abu ba ne: Toyota ta fitar da Prius a Japan tun 1997, Honda ta biyo da Insight a 1999.

A shan mai ne suka fi rabuwa, kuma cikin gari ne rabuwar take fitowa sosai. Ka tsaya a danja da mai fetur, injin na ta ƙona mai kana zaune. Haibirid kuwa sai ka ji tsit, injin ya kashe kansa amma esi na ci gaba da hura sanyi, har wanda bai saba ba ya ɗauka motar ta mutu. Ka ɗaga ƙafa daga birki ta silale da lantarki, sai ka ƙara totur sannan injin ya tashi. Idan ka taka birki a hankali, ƙarfin da ke zama zafi ya ɓace a motar fetur, ita sai ta mayar da shi caji. A gwajin hukumar kula da muhalli ta Amurka kan ƙirar 2020, Corolla mai injin 1.8 tana cin kusan kilomita 13 da lita ɗaya a cikin gari, haibirid ɗinta kuma kusan 22. A babbar hanya mai fetur ta haura wajen 16, haibirid tana nan wajen 22. Ka ga tazarar ta ragu, domin inda babu tsaye-tsaye babu abin da birki zai tara. Saboda haka mai wuni cikin cunkoso, irin ɗan tasi, shi ya fi cin moriyarta. Wanda motarsa ke fita sau biyu a mako zai daɗe bai mayar da ƙarin kuɗin da ya biya ba.

Wajen gyara kowacce da nata. Mai fetur kowane bakanike ya san cikinta. Haibirid ta Toyota ba ta da kik da altaneta irin waɗanda muka saba, birkinta kuma ya fi daɗewa tunda moto ne ke ɗaukar yawancin aikin rage gudu. Amma duk wayar da ka gani ruwan lemo a cikinta, wutar da ke bi ta nan ta haura bolt 200, ba wurin lalube ba ne. Ko man kwampireson esi ɗinta daban ne, idan aka zuba na gama-gari yana iya jawo matsalar lantarki. Ni a ganina tambayar farko ba ta batir ba ce, ita ce: akwai wanda ya iya ta kusa da kai?

Batir ɗin kuma ba ya mutuwa dare ɗaya, rauni yake yi sannu a hankali. Daga ƙirar 2020 Toyota ta ba shi garanti na shekara 10 ko mil 150,000 a Amurka, kuma kamfani ba ya yin irin wannan alkawari kan abin da ke saurin lalacewa. Zafi da doguwar ajiya ne manyan maƙiyansa. Akwai 'yar kafar iska kusa da kujerar baya wadda fanka ke jan iska ta nan ta sanyaya shi. Ƙura ta toshe ta, ko jaka ta rufe ta, batir ya yi ta gasuwa ba ka sani ba. Tunda ta hannu za ka saya, kar ka yarda da hasken fenti. A jona mata kwamfutar gwaji a duba ko sassan batir ɗin suna tafiya daidai da juna, sannan ka tuƙa ta ka kalli allo: cajin da ke cika nan take ya zube nan take alamar gajiya ce.

Su kansu kamfanonin sun karkato nan. An daɗe ana sukar Toyota cewa ta yi jinkirin shiga motocin lantarki zalla, sai ga Ford a 2024 ta soke wata babbar motar lantarki da take shirin fitarwa ta ƙara ƙarfi kan haibirid, Camry ta 2025 kuma a Amurka haibirid kaɗai ake sayar da ita.

Idan yawonka na cikin gari ne, kana da gwanin gyaranta, kuma gwajin batir ya fito lafiya, ɗauki haibirid. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ni mai fetur zan saya.