Ciwon dunduniya: silifas, gwanjo ko sabon kambas, wanne za ka saya?

Duk mai yini a tsaye a Legas, ko dako kake a Mile 12 ko tura baro a Agege ko gudun safe a filin wasa na Surulere, ka san zafin nan da ke cakar dunduniya da ka sauko daga gado. Ni wata uku cur ina ɗingishi zuwa sallar asuba. Tushen zafin wata jijiya ce mai kauri da ta tashi daga ƙashin dunduniya ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar ƙafa, duk taku sai ta miƙe ta dawo. Tafiya ba laifinta ba ne, abin da ke gajiyar da ita shi ne ka ƙara mata aiki lokaci ɗaya ko ka yini kan siminti da takalmin da bai tallafe ta ba.

Silifas ɗin roba kam a bar shi wajen alwala.

Gwanjo na Katangowa ko Yaba shi ne ya fi sauƙi ga aljihu kuma akwai masu kyau sosai, amma fa kambas na gudu in ya ci kilomita 500 zuwa 800 soson ƙasansa ya mutu ko da samansa na ƙyalli, to juya shi ka duba, in gefe ɗaya ya cinye ko soson ya yi tamoji ka ajiye musu kayansu. Sabo a Balogun kuma jabu sun yi yawa, kar suna ya ruɗe ka. Kama shi ka lanƙwasa, a wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe ba a tsakiya ba, sannan ka matsa bayan dunduniyar da babban yatsa, in ya lotsa kamar kwali ba zai riƙe ka ba. Ka gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafarka.

In kuɗi bai kai ba akwai ɗan matashin silikon na dunduniya a kemis, yana rage zafi, sai dai cikin takalmi mai ƙarfi yake aiki. Ni gwanjo mai lafiyayyen ƙasa na saya na sa masa shi, ina miƙe sharaɓa jikin bango safe da yamma, da dare in mirgina robar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa.

Mai ciwon suga ko wanda ƙafar ke kumbura ko dindiris, ya fara zuwa asibitin ƙashi na Igbobi kafin kasuwa.