Ƙwarya ko glasiya: wacce ta fi riƙe zafin madara yayin da take barci?

'Yar'uwa, kin tambaya dalilin da ya sa madararki take ƙin barci a watan Janairu, sannan a watan Afrilu ta yi tsamin da ya wuce kima, kuma kina son sanin ko ki ci gaba da ƙwarya ko ki koma glasiya, wato akwatin nan mai murfi da ake ajiye ƙanƙara a ciki. Amsar tana cikin zafi, domin ƙwayoyin halittar da suke mayar da madara kindirmo ko yawur kowannensu yana da zafin da yake aiki a cikinsa.

Ƙwarya tana bin yanayin ɗaki. Ƙwayoyin da ke cikin tsohon nonon da ake zubawa a matsayin iri gauraye suke, sun saba da zafin ɗaki, shi ya sa madarar da aka rufe da faifai da yamma take wayar gari ta yi barci, da ɗanɗanon da kowa ya sani a fura. Matsalarta ita ce ba ta kāre madara daga komai. A nan Tahoua daren hunturu yana sauka kusan digiri 15, ƙwayoyin su yi sanyin jiki, madara ta kwana tsararo. A Afrilu da Mayu kuwa rana tana haura digiri 40, aikin ya yi gaggawa, tsami ya yi yawa, ruwa ya ware daga jikin nonon.

Glasiya ba ta kawo zafi, ba ta kawo sanyi, abin da aka ba ta shi take riƙewa, kuma wannan shi ne abin da yawur yake buƙata. Ƙwayoyinsa nau'i biyu ne, suna aiki sosai tsakanin digiri 42 zuwa 45, inda madara take kamawa cikin awa 4 zuwa 6. Ki fara ɗumama madarar ta kai digiri 85 zuwa 90, musamman idan ta shanu ce ɗanya, saboda hakan yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana sa yawur ya yi kauri. Ki bar ta ta huce zuwa 43 kafin ki zuba iri, wato ɗan yawur da ya riga ya kama, kamar cokali 2 a kowace lita, domin idan kika zuba shi madarar tana sama da 50 kin fara kashe shi da hannunki. Sai ki jera kwalabe a glasiya, ki zuba ruwan ɗumi mai zafi ɗaya da na madarar ya kai rabinsu, ki rufe, kada ki riƙa buɗewa kina leƙe. Ina roƙonki ki sayi ma'aunin zafi, domin yatsa yana ruɗi, balle a ranar da iskar hunturu ta busar da hannu.

A ganina, lokacin sanyi glasiya ta fi ƙwarya nesa ba kusa ba. Lokacin zafi kuwa bambancinsu kaɗan ne wajen kamawa, tunda ɗakin ma ya isa ɗumi. Abin da yake ɓata miki kaya a Afrilu shi ne rashin tsayar da aikin, domin ƙwayoyin ba sa dainawa don madara ta kama, sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 4. Randa da jiƙaƙƙen buhu suna rage zafi idan iska a bushe take, amma ba za su kai ki nan ba. Saboda haka ki haɗa madarar a lokacin da kika tabbata za ki samu firigo ko ƙanƙara idan ta kama, ki zubar da ruwan ɗumin, ki cika glasiyar da ƙanƙara nan take. Idan na sayarwa kike yi, ki riƙe glasiya duk shekara, ƙwarya kuma ki bar ta ga kindirmon da za a shanye a gida da safe.