Dala 27 suka ba shi, suka kwashe dala 600: ku kiyayi aikin danna maɓalli

Dala 600. Tun shekaranjiya nake jujjuya wannan adadi a raina, kuma har yanzu ban huce ba. Dala 600 ta bar hannun ɗan yayata cikin kwana uku, yaron da ya gama karatu yake ta faɗi-tashin neman aiki. Abin da 'yan damfara suka ba shi kafin su yi masa wannan sakiyar da babu ruwa dala 27 ne kacal, su kuma suka ɗauki 600.

Saƙo ne ya shigo masa ta WhatsApp daga lambar ƙasar waje. Wata mai hoton mace cikin kayan ofis ta ce tana ɗaukar ma'aikata a madadin wani kamfanin talla, aiki daga gida, awa ɗaya a rana, babu buƙatar gogewa. Ba a nemi takardun karatunsa ba, ba a yi masa ganawa ba, ba a ba shi takardar kama aiki ba. Da ya amsa sai ta miƙa shi ga wani "mai horarwa" a Telegram, shi kuma ya turo masa adireshin wani shafi ya ce ya buɗe asusu. Aikin kansa ba komai ba ne: hoton kaya ya fito, takalmi ko agogo ko ɗakin otal, ka danna maɓalli, a ce ka ɗaga darajar kayan a kasuwa, a rubuta maka kamasho. Zagaye ɗaya danni 40 ne, kuma ba a cire kuɗi sai an cika 40 ɗin. Ku riƙe wannan sharaɗin, don da shi suke yanka mutum.

Ranar farko ya yi zagayen horo, aka turo masa dala 12 ta USDT, wato kuɗin intanet na kirifto mai bin darajar dala. Ya kawo mini wayar yana murmushi, ya ce, "Kawu, duba, sun biya." Na duba. Kuɗin yana cikin lalitarsa ta kirifto, ba a shafinsu ba, har ya canza shi ya riƙe a hannu. Na ce masa, "Tunda dai ya shigo hannu, babu laifi." Wannan maganar ita ke ci mini rai. Tunda dai ya shigo hannu.

Kuma kada wani ya zo yana karanta mana kwaɗayi mabuɗin wahala. Yaron nan bai nemi kuɗin banza ba, aiki aka ce masa, ya zauna ya yi. Gwajin da duk mai hankali yake yi shi ne a ga ko ana biya, an kuwa biya, har sau biyu. Abin da mutane ba su gane ba shi ne su ma ɓarayin sun san wannan ne gwajin, don haka suke ware ɗan kuɗi su sayi amincewarka da shi. Dala 27 ɗin nan jarinsu ne, kamar tsutsar da ake sa wa ƙugiya.

Na yi gaba da yawa, bari in koma rana ta biyu. A nan aka fara cewa ya saka nasa. Mai horarwa ya ce asusun horo ya ƙare, asusun aiki kuma sai da dala 50 a ciki, wai da ita ake "riƙe" kayan kafin kamasho ya fito. Ya saka 50, ya cika 40, ya cire 65. Riba 15. A haɗa da 12 ta jiya, 27 ke nan. A daren ne ma, ko kuwa tun daren farko, suka jefa shi cikin wani guruf mai ɗaruruwan mutane, kowa na liƙa hoton kuɗin da ya cire yana godiya. Mafi yawan waɗannan asusun nasu ne. Aikinsu shi ne idan ka yi tantama su yi maka caa, wannan ya ce shi ma ya ji tsoro da farko, wancan ya ce ya ci bashi ya cike kuma ya fita da ninki.

Rana ta uku ya fara da dala 100. A danni na 17 sai allo ya yi walƙiya, aka ce ya dace da "aikin sa'a", kaya masu tsada da kamasho ninkin-ba-ninkin. Nan take asusunsa ya koma ƙasa da sifili, giɓin dala 120. Ba zai ci gaba ba sai ya cike, ba zai cire 100 ɗinsa ba sai ya kai 40. Ya cike. A danni na 29 wani aikin sa'ar ya sake faɗowa, giɓin dala 380. Wannan rancensa ya yi daga abokai biyu, bai gaya wa kowa a gida ba. 100, da 120, da 380, dala 600 ke nan. A danni na 38, saura biyu ya gama, giɓin ya zama dala 900, allo kuma na nuna masa cewa yana cikewa zai fita da fiye da dala 2,000.

Babu sa'a a cikin wannan abu ko ɗaya. Shafin ba ya haɗe da wani shago, ba a sayar da takalmi, babu darajar da ake ɗagawa. Lambobin da kake gani a allo mai shafin ne yake rubuta su daga ɓangarensa, shi ke zaɓar dannin da giɓi zai faɗo da kuma yawansa, gwargwadon yadda ya ga kana iya biya. Shi ya sa mai horarwa yake yawan tambaya cikin raha ko kana da aiki, ko akwai wanda zai ranta maka. Auna aljihunka yake yi. Kuɗinka kuwa bai taɓa zama a wani asusu mai sunanka ba. Kana tura USDT ya wuce lalitarsu, kuma abin da aka tura ta kirifto ba a juyo da shi, babu bankin da zai danna ya dawo. Sau huɗu yaron nan ya tura, adireshi huɗu daban-daban aka ba shi. Da a ce ya samo 900 ɗin ma, abin da ke gaba sananne ne: a ce ya biya haraji kafin cirewa, ko a ce ya yi kuskure a lambar lalita an daskarar da asusun sai ya biya kuɗin buɗewa. Ba a kai ƙarshen rijiyar nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta bayyana a Disamba 2024 cewa ƙorafin irin wannan damfara ya kai kusan 20,000 a wata shida na farkon 2024, alhali a duk shekarar 2023 kusan 5,000 ne, kuma asarar da aka kai rahoto ta damfarar aiki ta wuce dala miliyan 220 a waɗannan watanni shida. Wannan na ƙasa ɗaya ne, kuma na waɗanda suka daure suka faɗa, don da yawa kunya ke rufe musu baki. Ita kanta mai hoton kayan ofis ɗin, ba lallai ne mace ba ce, ba lallai ne ma tana da 'yancin kanta ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Agusta 2023 aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kusan 100,000 a Kambodiya mai yiwuwa ana tsare da su ana tilasta musu yin damfara ta intanet, kuma da yawansu da tallan aikin ƙarya aka ja su can.

Abin da ya fi ƙona mini rai, binciken minti biyu ya isa ya tona su. Da muka saka sunan shafin a WHOIS, inda ake ganin ranar da aka yi wa kowane adireshin intanet rajista, sai ga shi bai cika wata ɗaya ba, kamfanin da ke cewa ya shekara goma yana aiki. A ranar dala 12 ya kamata a yi wannan binciken. Amma kuɗi ya shigo hannu, kuɗin gaske, kuma wanda ya ga kuɗi a tafin hannunsa ba ya tuna WHOIS.

Hotunan hirar duka suna nan, da adireshi huɗun, da allon da ya tsaya a 38 cikin 40. Zan saka su da zarar na rufe suna da lambar yaron.

Aikin da aka ce ka saka kuɗi kafin a biya ka, fita. Ko kamfanonin samar da aiki na gaskiya, Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kada su caji ma'aikaci. Idan ka riga ka faɗa, kada ka ƙara ko sisi, kada ka goge hirar, ka ɗauki hoton komai tare da lambar kowace tura kuɗi, ka kai wa dandalin da ka sayi kirifto da 'yan sanda a ranar. Idan ka ba su hoton katin shaida ko lambar sirrin da kake amfani da ita a wani wuri, canza lambar yau, ka sanar da bankinka.

Jiya da dare wata sabuwar lamba ta rubuto masa, wai ƙwararru ne masu ƙwato kuɗin da aka sace, za su dawo masa da 600 ɗinsa idan ya biya dala 80 ta buɗe fayil. Sun san adadin daidai, dala 600, alhali bai faɗa wa kowa a waje ba.